Ciwon Wuta: Abin da Matan Koriya Suka Haɗiye a Ƙasar Baƙunta

A wannan karo za mu ɗan yi nisan kiwo, domin za mu leƙa ƙasar Koriya da wuraren da mutanenta suka yi ƙaura. Kada mai karatu ya yi saurin cewa ina ruwan Zango da Koriya. Ya yi haƙuri ya biyo mu, zai ga inda muka dosa.

Abin da ya jawo maganar ya faru ne a makarantar da muke koyarwa, ranar taron iyaye da malamai. Wata baiwar Allah ta zo game da 'yarta mai shekara goma sha ɗaya. Shekara goma sha uku ke nan da aka kawo ta aure garin nan daga wani ƙauye can tsallaken iyaka. Ba ta jin Turanci, harshen Tonawa kuwa sai 'yan kalmomin cefane. Malamar ajin ita ma ba ta jin Hausa, saboda haka yarinyar ce ta zama tafinta. Malama tana cewa yarinya tana fashin makaranta, ba ta yin aikin da aka ba ta, yarinya kuma tana juya wa uwa tana cewa, "Inna, malama ta ce ina ƙoƙari." Uwa tana murmushi tana godiya. Muna daga gefe muna ji. Da muka matso muka faɗa mata yadda maganar take, sai ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Malam, ni a garin nan kurma ce, kuma bebiya." Daga baya uwargidanmu, wadda ta san ta a Islamiyya, ta shaida mana cewa matar ta daɗe tana fama da zafi a ƙirji da rashin barci, an kai ta asibiti har sau uku, an auna jini, an ɗauki hoton ƙirji, an ce lafiyarta lau.

Jin haka ya tuna mana da wata al'umma da ta raɗa wa irin wannan ciwo suna, har likitocin duniya suka sa shi a littafi. Al'ummar ita ce ta Koriya. Yaranmu na yau sun san Koriya ta Kudu da wayoyin Samsung da motocin Hyundai da finafinan da suke kallo a waya, sai su ɗauka haka ƙasar ta tashi ta ga kanta. Ina! A wajejen 1960 abin da mutum guda yake samu a shekara a Koriya ta Kudu kusan ɗaya yake da na mutumin Gana, har masana tattalin arziki suka riƙa kwatanta ƙasashen biyu. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya bar ƙasar a rushe, ga marayu ga zawarawa. Neman abin kai wa baka ne ya fitar da mutanenta waje, kamar yadda fataucin goro ya kawo kakanninmu Salaga da Kumasi. To, duk inda aka yi ƙaura, labarin maza ake ji. Yau na matan za mu ba ku.

Amaren hoto da matan soja

Ranar 13 ga Janairu 1903 wani jirgin ruwa mai suna Gaelic ya sauke 'yan Koriya 102 a Honolulu, cikin tsibiran Hawai, domin aikin gonakin rake. Kafin ƙarshen 1905 yawansu ya haura 7,000, kuma kusan duk maza ne gwauraye. Da zaman ya yi tsawo sai aka ɓullo da auren hoto. Namiji ya aika da hotonsa gida wurin mai dalilin aure, budurwa ta gani ta yarda, ita ma ta aiko da nata, a ɗaura aure a takarda, ya aika da kuɗin jirgi. Daga 1910 zuwa 1924, lokacin da Amurka ta rufe ƙofa, 'yan mata wajen 1,000 ne suka zo ta wannan hanya. Da yawansu sun taho da burin yin karatu, domin an ce musu can mace tana shiga makaranta. Abin da suka tarar a bakin jirgi daban ne. Wani hoton ƙuruciyarsa ya aika, wani kwat ɗin aro ya sa aka ɗauke shi. Yarinya 'yar shekara goma sha takwas ta tarar da mutumin da ya kusa haihuwarta, rana ta ƙone shi, ba shi da komai sai ɗakin katako a bakin gona. Kuɗin komawa babu, ko da akwai ma kunya ba za ta bari ba. Haka suka zauna, suna wanki da girki wa leburori don ƙara abin shiga.

Rukuni na biyu matan soja ne. Bayan yaƙi Amurka ta bar sojojinta a Koriya ta Kudu, wasu suka auri 'yan ƙasar. Wata masaniyar tarihi mai suna Ji-Yeon Yuh, wadda ta yi hira da irin waɗannan mata ta fitar da littafi a 2002, ta ƙiyasta cewa kusan 100,000 ne suka shiga Amurka ta wannan aure tsakanin 1950 da 1989. Waɗannan sun fi kowa shan kaɗaici. An kai su ƙananan garuruwa kusa da barikokin soja, inda mace za ta yi shekara ba ta ji an yi magana da harshenta ba. Dangin miji suna kallon ta a matsayin bare, mutanen gida kuma suna yi mata kallon wadda ta zubar da mutunci don ta auri sojan waje. Abin takaicin shi ne, da Amurka ta sassauta dokar shige da fice a 1965, matan nan ne suka cika takardu suka janyo 'yan'uwansu da yawa, amma da 'yan'uwan suka zo suka kafu, wasunsu suka riƙa jin kunyar a gan su tare.

Masu jinya a Jamus

Rukuni na uku Turai suka nufa. Jamus ta Yamma ta rasa ma'aikata, Koriya ta Kudu kuma tana neman kuɗin waje ido rufe. Daga 1963 zuwa 1977 aka tura maza wajen 8,000 haƙar kwal, daga 1966 zuwa 1976 kuma aka tura mata ma'aikatan jinya fiye da 10,000, akasari a kan kwantaragin shekara uku. Wasu sun bar miji da ƙananan 'ya'ya a gida. Mafi yawan albashinsu gida suke aikawa, ana biya wa ƙanne kuɗin makaranta, ana biyan bashin iyaye. A ƙasarsu sun yi karatun aikin jinya sosai, suna yin allura da sauran aikin da ya shafi magani, wanke majinyaci da ciyar da shi kuwa dangi ne ke yi, kamar yadda muke yi a asibitocinmu. A Jamus sai aka miƙa musu bokiti da tsumma. Su wanke tsofaffi, su sauya zanen gado, su ɗaga mutumin da ya ninka su nauyi, su shirya gawa. Ba su jin Jamusanci, saboda haka ko an zalunce su ba bakin faɗa.

Da farashin mai ya tashi a 1973 tattalin arzikin Jamus ya ja baya, aka daina ɗaukar ma'aikata daga waje, kuma zuwa 1977 aka fara ƙin sabunta wa matan nan takardun zama, wato an gama da su, su koma. A nan ne suka nuna cewa shirun da suke yi ba na rashin wayo ba ne. Suka haɗa kai, suka bi asibitoci da tituna suna neman sa hannun jama'a, suna cewa su ba kayan sayarwa ba ne da za a yi oda in ana so, a mayar in an ƙoshi. Sun tara sa hannu fiye da 11,000, kuma a 1978 aka ba su izinin ci gaba da zama. Waɗanda suka koma gida bayan tsufa kuwa sun tarar da wani baƙuncin, domin ƙasar ta sauya, su ma sun sauya. Har wani ƙauye aka gina musu a tsibirin Namhae, aka fara shi a 2001, ana kiransa Ƙauyen Jamus. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Shago da rana, tukunya da dare

Rukuni mafi girma shi ne na iyalan da suka shiga Amurka bayan 1965. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, 'yan Koriya wajen 30,000 ne ke shiga kowace shekara, suna taruwa a Los Anjalis da Niyok da Shikago. Da yawan mazan sun yi jami'a, wasu injiniyoyi ne, wasu ma'aikatan ofis. Amma takardar shaidarsu ba ta ci a can, Turancinsu kuma bai kai ba, sai suka faɗa ƙananan sana'o'i: shagon kayan lambu, shagon kayan masarufi, shagon wanki da guga. Irin wannan shago ba ya tsayawa sai da ma'aikacin da ba a biya, ma'aikacin nan kuwa matar gida ce. Wadda a ƙasarta ba ta taɓa fita aiki ba, sai ga ta tsaye bayan kanta awa goma sha biyu ko fiye, kwana shida ko bakwai a mako. Wasu kuma suka shiga masaƙu da ɗakunan ɗinki, wasu shagon gyaran farce, sana'ar da matan Koriya suka yi fice a kanta a Niyok.

Wasu masana zamantakewa biyu, Kwang Chung Kim da Won Moo Hurh, sun bincika iyalan Koriya a Shikago, suka kira abin da suka gani kaya biyu a kai ɗaya. Wani kuma, Pyong Gap Min, ya ga irin haka a Niyok ya rubuta a littafinsa na 1998. Mata da miji su rufe shago tare su dawo tare, miji ya zauna da jarida, mata ta shiga ɗakin girki, sannan wanki, sannan duba yara. Al'adarsu, wadda ta ginu a kan koyarwar Konfushiyas, ta raba aiki: waje na namiji, ciki na mace. Ƙaura ta ɗora wa mace aikin waje, amma ba ta rage mata na ciki ba. Shi ma mijin yana da nasa ciwon. Mutumin da ake rusuna wa a ofis ya koma jera tumatir, matarsa kuma tana kawo kuɗi kamarsa ko fiye, har ta fara cewa a ji ra'ayinta. Wasu mazan suka huce a kan kwalba, wasu a kan matan.

Ban da gajiyar jiki, akwai ƙananan abubuwa da ke cin rai, waɗanda sai wanda ya yi baƙunta ya san su. Na farko harshe. Harshen Koriya yana da matakan girmamawa, yadda za ka yi wa babba magana daban, har kalmar cin abinci da ta barci daban ce in dattijo ake nufi. Yara suka shiga makaranta suka ɗauki Turanci, wanda kalma ɗaya ake kiran sarki da yaro da ita. Uwa ta yi faɗa da harshenta, ɗa ya amsa da harshen da ba ta ji sosai. Wasiƙar makaranta, takardar haraji, maganar likita, duk sai yaro ya fassara. Uwar da ɗanta ɗan shekara tara zai raka ta wurin likitan mata, yaya za ta faɗi abin da ke damunta?

Na biyu abinci. Ba a cin abinci a gidan ɗan Koriya ba tare da kimchi ba, wato kabejin da ake cuɗawa da gishiri da barkono da tafarnuwa a ajiye ya yi tsami. Yana da ƙarfin wari, kamar yadda daddawarmu take ga wanda bai saba ba. Matan soja da yawa an hana su ajiye shi a gida. A ƙasarsu kuwa haɗa kimchi na lokacin sanyi aikin gayya ne na mata, maƙwabta su taru a gidan wannan yau, gobe a gidan waccan, ana aiki ana hira ana sauke abin da ke zuci. Hukumar UNESCO ma ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2013. Wadda ta rasa kimchi ta rasa taron matan da ke tattare da shi.

Na uku jego. A al'adarsu mai jego tana kwana ashirin da ɗaya a ɗaki mai ɗumi, ba ta taɓa ruwan sanyi, uwarta ko surukarta tana dafa mata miyar wani ganyen teku safe da yamma. Sun yi imani cewa wadda sanyi ya shiga a jego za ta yi ta fama da ciwon gaɓoɓi har tsufa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin masu wankan jego da kunun kanwa. To, ga mace ta haihu a asibitin Amurka, an miƙo mata ruwan ƙanƙara, an ce ta tashi ta yi wanka, bayan kwana biyu an sallame ta, uwa tana can bayan teku, shago kuma yana jira. Na huɗu suna. Macen Koriya ba ta sauya sunan gidansu in ta yi aure, kuma in ta haihu da sunan ɗanta ake kiranta, uwar wane, kamar yadda muke sakaya suna. A Amurka da yawa suka koma amsa sunan miji a takarda, yaran masu sayayya kuma suna kiransu gatsau.

Ciwon da hoto ba ya nunawa

Akwai wata tsohuwar magana da iyayen Koriya kan yi wa amarya ranar kai ta gidan miji, cewa ta yi shekara uku kamar kurma, uku kamar bebiya, uku kamar makauniya. Mu ma muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma abin da aka haɗiye ba ya ɓacewa. Mutanen Koriya suna kiran sakamakonsa hwabyung. Hwa wuta ke nan, kuma fushi, byung kuwa ciwo. Mai shi takan ji zafi yana tasowa daga ƙirji zuwa fuska, ta ji kamar dutse ya tokare mata maƙogwaro ko saman ciki, zuciya tana bugawa, ga yawan ajiyar zuciya, ga ciwon kai, ga rashin barci, wani lokaci ta ji kamar ta fita da gudu daga ɗaki. Ya fi kama mata masu matsakaitan shekaru waɗanda suka daɗe suna danne ɓacin rai saboda miji ko suruka ko talauci. A 1983 wani likitan ƙwaƙwalwa a Los Anjalis, Keh-Ming Lin, ya yi rubutu a kan ciwon bayan ya duba wasu 'yan Koriya, kuma a 1994 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ambace shi a babban littafinta.

Abin lura shi ne matan ba sa zuwa su ce ransu a ɓace yake. A wurinsu zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa tonon asiri ne, zai iya hana 'yarsu samun miji. Sai su je da ƙorafin ƙirji da ciki, a auna a ce ba komai, su koma gida da ciwonsu da kuma zargin cewa raki suke yi.

Ranar 29 ga Afrilu 1992 wutar da ke cikin ƙirji ta haɗu da ta waje. Kotu ta sallami 'yan sandan da suka yi wa wani baƙar fata, Rodney King, dukan kawo wuƙa, sai Los Anjalis ta kama da tarzoma ta kwanaki. An ƙone ko an wawashe shagunan 'yan Koriya fiye da 2,000, asararsu ta kai wajen dala miliyan 400. Gaskiya ɗaya ce, dama akwai jiƙaƙƙa tsakaninsu da baƙaƙen fatar unguwannin. Shekara guda kafin nan wata mai shago 'yar Koriya ta harbe wata yarinya 'yar shekara 15, Latasha Harlins, a kan kwalbar lemo, kotu kuma ba ta ɗaure ta ba. Wannan zalunci ne, ba mai wanke shi. Akwai kuma rashin fahimta ta yau da kullum. Macen Koriya an hore ta kada ta kalli baƙon namiji cikin ido, kada ta yawaita murmushi, kada hannunta ya taɓa nasa, sai ta ajiye canji a kan kanta. Mai sayayya kuma ya ɗauka ƙyamarsa ake yi, kuma a wasu lokutan ƙyamar ce da gaske. Matan da suka yi shekara goma sha biyar a tsaye suka wayi gari da toka. A 1993 wasu mata uku suka yi fim a kan abin, mai suna Sa-I-Gu, wato huɗu, biyu, tara, suka bar matan shagunan suka yi magana da bakinsu.

Abin da ya tallafe su

Duk da haka matan nan ba su zauna suna kuka ba. Amaren Hawai sun kafa ƙungiyar agaji ta mata a 1919, suna tara kuɗi don 'yancin ƙasarsu daga mulkin Japan. Majami'u sun zama musu dandali, domin bayan ibada akwai cin abincin gida tare, da ajin koya wa yara harshe, da labarin inda ake neman ma'aikaci. Suna da adashi, suna kiransa kye, da shi aka buɗe shaguna da yawa lokacin da banki ba ya kallon baƙo. A 1983 wasu mata a Los Anjalis suka buɗe cibiyar ba iyalai shawara, suna koyi da Lee Tai-young, mace ta farko da ta zama lauya a Koriya. A 1989 aka buɗe irinta a Niyok, da lambar wayar da mace za ta kira dare ko rana ta yi magana da harshenta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma su da kansu sun gane cewa taron da ke tallafa wa mace shi ne kuma ke sa ta yin shiru, don gudun kada maganarta ta zaga gari kafin mako ya zagayo.

Mu dawo gida

Jama'a, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma zaman baƙunta ne asalinmu a ƙasar nan. Har gobe muna ɗauko amare daga nesa, kuma muna aurar da 'ya'yanmu ga samarinmu da ke Niyok da Hambog da ƙasashen Larabawa. Hoton da ake turowa ta waya, saurayi ya jingina da motar da ba tasa ba, me ya raba shi da hoton Hawai? Saboda haka ga 'yan shawarwari.

Kafin a ba da yarinya ga wanda ke waje, iyaye su sa amintaccen mutum ya gano aikinsa da ɗakinsa da matsayin takardunsa, kuma a tabbatar fasfo ɗinta zai zauna a hannunta. Wanda ya ɗauko mace daga nesa, ya san ya ɗauko amana. Ya bar ta ta koyi harshen gari da karatun boko gwargwado, ko da a ce sa'a ɗaya za a ƙara bayan darasin Islamiyya. Maigidan da ke tsoron kada matarsa ta waye, ya tuna ranar da zai kwanta ciwo ita za ta tsaya gaban likita. Ƙungiyoyin matan Zango su ware mutum biyu ko uku masu riƙe sirri, waɗanda za su riƙa raka baƙuwa asibiti da makaranta, a daina ɗora wa yaro fassarar abin da ya fi ƙarfin kunnensa. Mai jegon da uwarta ke nesa, wata dattijuwa ta tsaya mata a madadin uwa har arba'in. In mace tana kasuwa tun safe kamar yadda miji yake, to, ɗaukar yaro ko ɗebo ruwa ba ya rage wa namiji girma, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida. A riƙa yi wa yara Hausa a gida, domin ranar da uwa da ɗa suka rasa harshen da za su yi hira da shi, tarbiyya ta tsaya.

Sai babbar maganar. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ba mu musa ba. Amma wanda ya ce wa mace ta yi haƙuri tun bai ji abin da ke damunta ba, rufe mata baki ya yi. In mace ta yi ta kukan zafin ƙirji da rashin barci, asibiti ya ce bai ga komai ba, kada a ce raki ne, kada kuma a tsaya ga hayaƙi da rubutu kaɗai. A yi addu'a, a zaunar da ita a saurare ta, sannan a nemi ma'aikacin lafiya da ya san ciwon damuwa, domin ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani.

Baiwar Allah da muka fara da labarinta, yanzu uwargidanmu da wasu mata biyu suna leƙa ta duk Alhamis, kuma ta fara zuwa ajin yamma da allonta. Mun roƙi shugaban makaranta, ya yarda a riƙa ajiye malami mai jin Hausa ranar taron iyaye. Zafin ƙirjin bai tafi duka ba, amma an ce ta fara samun barci. Mai karatu ya duba gidansu da maƙwabtansa, wataƙila akwai irinta a ɗakin da ke kallon nasa.

A nan za mu dakata. Mai gyara ko ƙarin bayani ya rubuto ta hannun edita, ƙofa a buɗe take. Allah ya ba matanmu lafiya da kwanciyar hankali, ya ba mu ikon riƙe amana. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.